Yatsa Uku a Rufin Motar Kaka

Ranar da Kawu Babba ya rasu, layinmu ya cika da motocin a-kori-kura tun kafin a gama yi masa wanka. Ban san wanda ya kai wa direbobi labari ba, amma a Garwa labarin mutuwa ba ya jiran ɗan aike. Suka jera motocinsu daga bakin masallaci har kwanar mai ƙosai, kowace da tamfol ɗinta a baya, wani kore, wani ruwan ƙasa, wani rana ta cinye launinsa har ba a san asalinsa ba. Wani tsohon direba mutumin Mora ya kama gefen nasa yana nuna wa duk wanda ya zo wucewa.

"Ku duba nan, ɗinkinsa ne," in ji shi. "Na canja wa motar nan inji, na canja mata ƙafafu ban san iyaka ba. Wannan kuwa ko zare ɗaya bai tsinke ba."

Limamin unguwa ya ce shi abin da zai tuna shi ne Kawu bai taɓa zama ƙarƙashin rumfar masallaci ba tare da ya ɗaga kai ya dubi yadda aka ɗaure ta ya girgiza kai ba. Mutane suka yi murmushi, ga hawaye a ido. A cikin gida maƙwabtanmu Fulani suna ta shigowa, suna riƙe hannun matar Kawu, suna cewa "Munyal, munyal," wato a yi haƙuri. Ita dai ta sunkuyar da kai, carbi na tafiya a hannunta.

Inna, mahaifiyata, wadda ita ke bin marigayin, ba ta zauna wuri ɗaya ba. Da an yi sallama sai ta leƙa zaure. Kowa ya san wanda take jira, ba wanda ya ambata. Autansu, Kawu Ƙarami, yana Tuboro yana walda wa manyan motocin auduga. An buga masa waya tun da safe, amma hanya ba ta san uzuri ba, zafin bazara kuma ba ya barin a jinkirta gawa. Kafin azahar an kai Kawu makwancinsa.

Bayan la'asar Kawu Ƙarami ya iso a bayan babur, rigar aiki a jikinsa. Bai tsaya wajen maza ba, ya wuce kai tsaye ɗakin Inna. Ina nan zaune, na ji da kunnena.

"Adda, ya ambace ni?"

Inna ta dube shi. Ba ta iya ƙarya ba, ko ta rarrashi. Ciwon da ya kada Kawu ya shanye masa ɓarin jiki, ya tafi da harshensa tun ranar farko. Bai ambaci kowa ba.

"Bai yi magana ba, Auta. Ko da ni bai yi ba."

Kawu Ƙarami ya gyaɗa kai, ya fita, ya je can ƙarshen tabarma inda yara ke ajiye takalma ya zauna. Shekaru ke nan tsakaninsa da yayansa babu abin da ke shiga sai sallama da amsa ta. Yanzu ga shi an rufe ƙasa, kuma bai san ko da fushinsa aka rufe ba. Wannan tambaya ita ta hana shi cin abinci, ita ta hana Inna barci, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami, don amsar ta zo daga baya, ta inda ba wanda ya zata. Amma bari in fara gaya muku wane ne Kawu, don kada a manta da shi.

Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka su biyun ba sa kiran sunana, sai dai "Uwata". Wannan ya ba ni lasisin da ko Inna ba ta da shi. Tun ina ƙarama nakan shiga shagon Kawu Babba in tsaya in riƙe ƙugu in ce ya tashi ya ci abinci, sai ya ajiye basilla ya ce, "To, Uwata ta yi magana." Ba ya tashi, amma yana cewa hakan.

Sana'arsa ɗinkin kujerun mota da tamfol. 'Yan lekol, wato 'yan boko, suna ce masa tapisiye da Faransanci, shi kuwa ya ce shi tela ne, sai dai masu sa kayansa ba sa ƙorafin wuya ya matse. Shagon ƙarami ne, keken ɗinki baƙi mai ƙafa a tsakiya, alli a bayan kunnensa, kakin zuma a aljihu don shafa wa zare. Almakashinsa kuwa, ko matarsa ba ta taɓa shi. Wata rana ɗansa ya yanka takarda da shi, ranar sai a gidanmu ya ci tuwo.

Yana da dokoki, kuma bai damu ko kana sauri ba. Ba ya ɗora tamfol da safe. Sai ya shimfiɗa shi a rana tsaka, ya bar shi ya sha zafi har ya yi laushi, shi kuma ya koma inuwa ya haɗa shayi. Direba na ta duba agogo, yana cewa kasuwar ƙauye za ta watse, Kawu na zuba shayi daga sama.

"Tamfol kamar baƙo ne," yakan ce. "Bari ya huta tukuna, sannan ka tambaye shi abin da ya kawo shi."

In ya zo ɗaurewa kuma ba ya ja har ƙarshe. Yakan bar ɗan sako-sako, ya ce wannan rabon damina ne, don in sanyin ruwa ya sauka tamfol tsukewa yake yi, wanda aka ja shi ƙam a bazara sai ya yage ko ya ƙi kaiwa ƙugiya. Matasa masu ɗinki sukan ja nasu ya yi sumul, mai mota ya tafi yana murna, ruwan farko ya dawo da shi wajen Kawu yana sosa ƙeya.

Babbar dokarsa ita ce ta maho. Tsohon tamfol zai yi masa maho har ya zama kamar rigar mahaukaci, bai damu ba. Amma sabon aiki da ya yanka da hannunsa, a ce ya ƙara masa ƙyalle don bai kai ba? Haram. "Almakashina ba ya yanka sau biyu," in ji shi. "Wanda ya yi wa sabon aiki maho ya tsaya a kasuwa ya ba da shaida a kan kansa." Na ji wannan magana har na haddace ta kamar karatun allo. Girman kai ne, ban ɓoye ba, na sha gaya masa. Sai ya yi dariya ya ce uwa ba ta tona asirin ɗanta.

Shekarar da aka karya darajar kuɗinmu na sefa, kayan aiki suka yi tsada, masu mota suka koma ɗaure kayansu da buhunan da aka farke. Kawu bai rufe shago ba. Ya koma ɗinka jakar 'yan makaranta da sirdin babur, yana yi yana gunaguni, amma kowace jaka ɗinki biyu ya yi mata kamar za ta je Banyo a bayan mota. Tawa tana nan, 'yata ta gaje ta.

Lokacin da fitina ta koro mutane daga wajen Mora, wata mata da 'ya'yanta suka sauka a wani kango a bayan layinmu, ɗaki babu rufi, ga damina ta kawo kai. Kawu bai yi shawara da kowa ba. Ya kwashe guntayen tamfol da ya shekara yana tarawa a ƙarƙashin tebur, ya haɗa su, kore da baƙi da shuɗi, ya je da kansa ya ɗaura. Matar ta fara godiya, ya katse ta.

"Kada ki ja igiyar nan, ko kin ga ta yi sako-sako. Na san abin da na yi."

Iyakar abin da ya ce ke nan, ya ɗauki tsaninsa ya tafi. Haka alherinsa yake, kullum da faɗa a bakinsa.

To, sai maganar motar Kaka.

Kakanmu ɗan kasuwa ne, goro da atamfa, mahaifinsa daga wajen Kano ya zo ya zauna a bakin Binuwai. Ya sayi motar a hannun wani Bature da zai koma gida. Ƙarama ce, mai ƙofa biyu, rufinta na tamfol ne da ake naɗewa baya a bar kai a buɗe. Inna ta ce ranar Sallah Kaka yakan naɗe rufin, ya ɗebi 'ya'yansa ukun a baya, ya bi ta gada a hankali, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a kan hularsa. Bayan rasuwarsa motar ta zauna a tsakar gidanmu ƙarƙashin darbejiya, don mu ke da fili. Rufin ya ruɓe, kaji suka mai da kujerar baya wurin ƙwai. Wata shekara iskar farkon damina ta karyo reshe ya faɗa mata a gefen hagu.

Kawu Ƙarami ne ya fara cewa abin kunya ne, gida guda da mai ɗinkin mota da mai gyaran jikin mota, a ce motar ubansu ta zama akurki. Shi maƙerin mota ne, guduma da walda da fenti. Kawu Babba ya ce ai shi ya daɗe yana jira a faɗa. Suka sa hannu.

Ban taɓa ganin su cikin daɗi irin na wannan lokaci ba. Kowace Juma'a bayan an sauko, sai su taho gidanmu tare, su tuɓe manyan riguna su rataye a reshe. Ƙarami ya kankare tsatsa, ya buga inda ya loɓa, ya fesa mata fenti ruwan madara irin na da. Babba ya sake kujeru da jar fata. Suna aiki suna tuna Kaka, suna gardama a kan wa ya fi shan duka. Inna tana kawo musu kunun gyaɗa, tana tsayawa ta yi ta kallonsu har ya huce a hannunta. Aikin ya ɗauki shekaru, don sai an samu sarari, kuma wani ƙarfen sai an aika Yola ko Ngaundere a nemo.

Rufi ne ya rage. Ƙarafan da ke ɗauke da shi, waɗanda Kawu Babba ke kira haƙarƙari, Ƙarami ya kwance su ya goge ya shafa mai ya mayar. Babba ya auna, ya sake aunawa, ya yanka baƙin tamfol mai kauri da ya ɓoye tun da daɗewa, ya ɗinka har da 'yar taga a baya. Ranar ɗorawa aka taru kamar suna. Direbobi, maƙwabta, abokan aikinsu, har liman ya leƙo.

Aka shimfiɗa a rana, aka sha shayi, aka ɗora. Rufin yana da ƙugiya biyu da ke kama saman gilashin gaba, dama da hagu. Ta dama ta shiga, ƙwas. Ta hagu ta tsaya a sama, ta ƙi kaiwa. Aka ja, aka danna, ƙato biyu suka rataya a jiki. Kawu Babba ya sa hannu a tsakanin ya auna, yatsa uku cif. Gilashin ƙofar hagu ma bai haɗu da rufin ba, kana iya zura hannu ka gaisa da na ciki.

"Haƙarƙarinka a karkace yake, Auta," in ji Kawu Babba.

"Na auna shi, Hamma. Ko dai almakashi ne ya ci da yawa?"

 Da a ɗaki ya faɗa, da ta wuce. Amma a gaban direbobin da suka shekara suna jin almakashi ba ya yanka sau biyu?

"Tun kana yawo ba wando nake yanka tamfol."

"Ai shi ya sa. Tsufa ba laifi ba ne, Hamma. Ido ne ya ragu, ka ƙara masa ƙyalle kawai a wuce wurin."

Na ga fuskar Kawu Babba a lokacin, kuma har gobe ba na son tuna ta. Gaskiya idon ya fara raguwa, shi ya sa maganar ta shiga. Ya cire alli daga bayan kunne ya sa a aljihu, ya ɗauki rigarsa daga reshe, ya fita bai ko saka ta ba. Kunun ranar kaji suka sha.

Kada ku ce sun yi gaba. Su biyun sun yi karatu, sun san abin da aka ce a kan wanda ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Saboda haka kullum suka haɗu, Ƙarami zai ce salamu alaikum, Babba ya amsa cikakkiya har da wa barakatuhu, sai kowa ya kama gabansa. Wayo suke yi wa Allah, na gaya musu haka, kowa a shagonsa. A masallaci sahu ɗaya, wannan a ƙarshen dama, wancan a ƙarshen hagu. Ranar suna ko biki, ni ce waya. "Uwata, gaya wa ƙanen uwarki an sa ranar." "Uwata, ce wa Hamma na ji."

Inna ta yi kuka, liman ya yi wa'azi har ya gaji. Ni na yi faɗa, na yi zolaya, na ce tun da nake ban taɓa ganin uwar da ta haifi gardawa biyu masu taurin kai irin nawa ba. Kawu Babba ya ce, "Ya zo ya auna ƙarfensa." Kawu Ƙarami ya ce, "Ya zo ya auna ƙyallensa." Motar kuwa tana nan, an yi mata 'yar rumfar kwano, ƙugiyar hagu ɗaure da igiya kamar haƙorin da ya kusa fita. Injinta lafiya lau, amma ba wanda ya tuƙa ta ko zuwa bakin titi.

Bayan damina ta bara, Kawu Babba ya zo da ɗansa, suka kwance rufin. Ya ce wa Inna ɓeraye za su ci, zai kai shago ya wanke ya adana. Inna ta ɗauka ya fid da rai ke nan.

Abin da ya biyo baya, sai ranar sadakar uku Inna ta gaya mini, muna tsince shinkafa. Da Kawu Ƙarami ya ji an cire rufin, sai ya zo wata safiya da igiya da kayan walda. Ƙarafan suna tsirara, ba abin da ya rufe su. Ya ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, ya sake ja ta ɗaya gefen. Ya daɗe a tsugune. Can ƙasa, inda haƙarƙarin hagu ya haɗu da jikin mota, daidai inda reshen nan ya faɗa, gindin ya ja baya. A da sama ya auna, bai duba gindi ba. Ya sa wuta, ya buga, ya dawo da shi, ya shafa fenti.

"Adda, kada ki gaya masa," ya ce wa Inna. "Bakina ne ya yi ɓarnar, shi zai gyara. In na dawo daga Tuboro zan je shagon da ƙafata."

Aikin auduga ya ja shi, wata ya bi wata. Inna ta riƙe alkawari. Ranar da Kawu Babba ya faɗi ta sunkuya a kunnensa ta faɗa masa komai, amma ba ta san ko ya ji ba. Idonsa a buɗe, ba ya nuna komai.

Har aka yi arba'in Kawu Ƙarami bai dawo daidai ba. Ya rame, ya daina zuwa garejinsa. Kullum yana maƙabarta da safe, da yamma yana zauren marigayin. Mutane suna ce masa ai Hamma mai yafiya ne. Ya ce, "Kun ji ya faɗa?" 

Ana cikin haka 'ya'yan Kawu suka shiga gyara shago, suka sami rufin a saman kanta, a naɗe cikin buhu, an ɗaure da kyau. Suka kawo gidanmu. Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma, rumfar kwanon kuma tana yoyo daidai kan jar fatar nan. Na je na sami Kawu Ƙarami.

"Kawu, ka zo ka ɗora rufin nan."

"In ɗora in ga me, Uwata? Zai zauna daidai, na sani. Na riga na san ni ne mai laifi. Shi ne ya tafi bai san na sani ba."

 Na ce to ya zauna, ruwa ya jiƙa kujerun da yayansa ya ɗinka, su ruɓe, kaji su dawo, ni kuma in gaya wa jikoki autan Kaka ne ya bari. Ya dube ni ya ce ni ba uwa ba ce, masifa ce. Washegari ya zo.

Ba a gayyaci kowa ba wannan karon. Ni, da Inna, da babban ɗan marigayin, sai matar Kawu da Inna ta matsa mata ta zo, tun da gidajen a haɗe suke ta ƙofar baya, ba sai ta taka waje tana takaba ba. Ɗan ya ɗauko rufin zai ɗora, Kawu Ƙarami ya riƙe hannunsa.

"Da safe? Ɗan wa kake? Shimfiɗa shi a rana."

Aka shimfiɗa. Inna ta haɗa shayi, muka zauna a inuwar darbejiya. Da rana ta take tsaka, suka ɗauka su biyu, suka fara daga baya, suna bi haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, suna ɗaurewa, har suka kawo gaba. Ƙugiyar dama ta shiga, ƙwas. Kawu Ƙarami ya zagaya hagu, ya tattara ƙarfinsa zai ja. Bai ja ba. Ƙugiyar ta faɗa wurinta da kanta, har da saura.

Muka matsa baya muka duba. Dama sumul. Hagu kuwa tamfol ya saki, ya yi ciki a sama da ƙofa, ya tattare kamar wuyan tsohuwar riga.

"Na wuce da ƙarfen wajen miƙewa," in ji Kawu Ƙarami. "Ko wannan ma ban iya ba."

Ya ɗauko igiya ya auna, kusurwa zuwa kusurwa. Ƙarfe daidai. Ya sake. Daidai. Ya tsaya yana kallon rufin kamar an yi masa sihiri.

Matar Kawu ce ta taso. Ta zo gefen hagu, ta ɗaga leɓen tamfol ɗin ta juya cikinsa. A can baya, inda kalmasa ta rufe, akwai wani dogon ƙyalle da aka ƙara, baƙi kamar sauran, sai dai zarensa sabo ne. Ɗinki biyu ne irin na Kawu, amma layin ba ya tafiya sak kamar da. Yana ɗan kaucewa, ya dawo, ya sake kaucewa.

"Ashe wannan ne," ta ce a hankali. "Da sanyin nan da ya wuce, kullum da safe sai ya kawo mini allura in zura masa zare, don ba ya ganin kafar. Na tambaye shi aikin wa yake yi da ba zai ba yara ba, ya ce ba ruwana. Rannan na ji yana magana shi kaɗai, yana cewa, 'Yankana daidai ne, Allah ya sani. Amma ƙarfe ba ya zuwa wajen mutum. In ya ƙi zuwa, sai ƙyalle ya je.' Na ɗauka surutun tsufa ne."

Kawu Ƙarami ya ɗora hannunsa a kan ƙarin. Yatsa uku suka rufe shi, ba ragi ba ƙari.

Mutumin da ya ce almakashinsa ba ya yanka sau biyu. Ya san bai yi kuskure ba, ya zauna da idon da aka yi masa gori a kansa, ya yi wa sabon aikinsa maho, don ƙanensa ya zo ya ja ƙugiya ta shiga, a ce shi ne mai gaskiya. Wancan kuma ya zo a ɓoye ya miƙe ƙarfe don a ce yayansa ne mai gaskiya. Kowa ya tafi wajen ɗan'uwansa ta bayan gida, suka saɓa a hanya. Na rasa ko in yi kuka ko in yi dariya, sai na yi duka biyun.

Kawu Ƙarami ya kifa goshinsa a kan tamfol mai zafin nan, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Yana cewa, "Hamma, Hamma," kamar yaron da aka bari a kasuwa. Inna ta bar shi ya yi mai isarsa. Da ya ɗago, fuskarsa ta wanke, sai ya ce yunwa yake ji. Inna ta tashi da sauri har tana tuntuɓe da butar shayi.

Ɗan marigayin, wanda ya gaji keken da alli, ya daɗe yana duba wurin da idon sana'a. Ya ce, "Baffa, abu mai sauƙi ne. In warware ƙarin nan, in mai da kalmasa yadda take, zai zauna sumul kamar na dama."

"Taɓa zaren nan ka gani," in ji Kawu Ƙarami. "In kana son sumul, je ka sayi taka motar."

Haka aka bar shi. Ruwan farko ya sauka a makon, kuma sanyi ya ɗan tsuke tamfol ɗin kamar yadda marigayin ya saba faɗa, amma bai cinye yatsa ukun ba. Da matar Kawu ta fita takaba, Kawu Ƙarami ya wanke motar ranar wata Juma'a, ya sa Inna da ita a baya, ni a gaba, muka bi ta gada a hankali. Direbobin a-kori-kura suna ta danna mana oda. Wani yaro a kan babur ya matso ya ce, "Baba, motar ta yi kyau, amma wanda ya ɗinka maka rufin nan ya cuce ka a hagu."

Kawu Ƙarami ya leƙo da kai ya ce, "Yayana ne. Kuma ba ka isa ka biya kuɗin wannan wurin ba."

Yanzu ya koma gareji, yana ci, yana faɗa da yara kamar da. In ana ruwa kuma yana tuƙi, ruwa yakan taru a wannan ciki na hagu, daidai saman kansa. Sai ya ɗaga hannu ya tura daga ciki, ruwan ya zubo ta gefe ya jiƙa masa kafaɗa. Bai taɓa tsaki ba. Na ji shi sau da yawa yana cewa, "Na ji, Hamma."

Ku da kuka san shi, da ku da tamfol ɗinsa ya taɓa kare ku daga ruwa ba ku san sunansa ba, ina roƙon ku Fatiha. Allah ya gafarta masa taurin kansa, ya karɓi alherin da yake ɓoyewa a cikin faɗa. Ya bar wa ƙanensa yatsa uku a lokacin da shi ke da gaskiya. Ya Allah, kai da ba a fi ka yalwa ba, ka buɗa masa makwancinsa iyakar ganin ido.